Mazaunin Yaya

A shekarar da aka kashe Yaya, ina cikin wani kwamiti da ke zama a Abuja. Ni malamar shari'a ce a jami'a, kuma fannin da nake koyarwa ba shi da farin jini wurin ɗalibai, wato abin da alƙali zai yi idan rigima ta ƙetare iyakar ƙasa. Mutum ya yi aure a Maraɗi ya zo ya yi saki a Kano, ko ɗan kasuwa ya ƙulla ciniki a Dubai kaya suka lalace a Legas. Kotun wace ƙasa ce za ta saurari ƙarar, dokar wa za a bi, kuma hukuncin da aka yanke a can zai yi aiki a nan? A ƙasarmu amsoshin a warwatse suke. Wasu suna cikin tsofaffin hukunce-hukuncen da muka gada daga Turawa, wasu cikin dokokin jihohi, wasu kuwa babu su ko'ina. An tara mu ne mu haɗa su cikin kundi guda, mu rubuta daftarin da za a kai majalisa. Shugabanmu wani tsohon alƙali ne mai haƙuri, ba ya son a ɗaga murya.

Yaya wana ne, mu biyu kaɗai Allah ya bar wa Inna. Ƙauyenmu yana yamma da Daudawa, a bakin daji. Bayan rasuwar mahaifinmu, Yaya yana saurayi ya bi fataken albasa zuwa Kumasi da niyyar cin rani, sai zama ya kama shi. Ya sami rumfa a kasuwa yana sayar da wake da dawa, ya yi ɗan gini a zango, ya auri wata 'yar can, Bahaushiya wadda kakanninta suka je tun zamanin fataucin goro. Suka haifi 'ya mace guda. Yakan zo gida jefi-jefi, ya kawo wa Inna atamfa, ya zaga gonarsa, ya koma. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ke noma masa gonar. Yaya yana kuma da shanu da ya ba wani Bafulatani kiwo a dajin Sabuwa, abokin mahaifinmu ne tun ƙuruciya.

Da daji ya ɓaci, mutanen ƙauyenmu suka yi ta tashi, gida bayan gida. Inna ta ce ba inda za ta. Na yi magana, Baffa ya yi, ta toshe kunnenta. Maganar Yaya kaɗai take ji, don haka ya taso daga Kumasi takanas. Ya kama mata ɗaki a Faskari, ya kwaso ta da tukwanenta da turminta. Da ya ga ta zauna, ya ce bari ya leƙa Sabuwa ya ga shanunsa kafin ya koma. A hanya mutanen daji suka tare motarsu.

Muna hutun shan shayi da hantsi Baffa ya kira ni. Ya ce in yi haƙuri, ya faɗa mini abin da ya faru. Ya ce tun jiya ne, waya ce ba ta shiga a wajen, kuma mutanen Sabuwa sun riga sun yi masa sutura, don ba direban da ya yarda ya ɗauko gawa ta wannan hanyar da yamma. Na yi innalillahi, na ce to. Na ajiye kofin, na koma ɗakin taro na zauna a kujerata. Wani farfesa yana bayani. Na lura an maimaita wata kalma a sakin layi na farko na daftarin, na ɗaga hannu na faɗa, aka gyara. Sai da aka tashi sallar la'asar na je na gaya wa shugaba.

Ya dube ni, ya ce, "Tun yaushe kika ji?"

Na ce, "Tun da hantsi, ranka ya daɗe."

Ya sa direbansa ya kai ni masauki.

A Faskari na tarar da tsakar gida cike da mata, yawancinsu 'yan ƙauyenmu da suka warwatsu cikin gari. Inna tana zaune a kan tabarma da carbi, idonta a ƙasa. Na zauna gefenta ina jiran kuka ya zo mini. Bai zo ba. Ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Da na gaji da zama sai na tashi na kama wanke kofuna, wata ta ce in bari, na ce ba komai. Na ci abinci, na yi barci, ban yi mafarkinsa ba. Bayan sadakar bakwai na bi ta Yargoje da Kankara na koma Katsina bakin aikina, kuma da lokacin zaman kwamiti ya zagayo na tafi Abuja kamar kowa.

A lokacin muna kan sashen da ya shafi mazauni. A ƙa'idar da muka gada, abin da mamaci ya bari wanda ake iya ɗauka ko korawa, kamar kayan rumfa da dabbobi, yana bin dokar ƙasar da take mazauninsa. Gida da gona kuwa suna bin dokar ƙasar da suke. Mazauni kuma ba inda mutum yake kwana kaɗai ba ne, sai an haɗa da inda ya ƙudura a ransa zai ƙare kwanansa. Mutum zai iya tsufa a wata ƙasa, muddin yana da niyyar komawa gida, doka ta ce bai tashi ba. Na daɗe ina koya wa ɗalibai wannan a kan allo.

Da matar Yaya ta fita takaba, ta yo waya ta ce za ta kawo yarinyar ta gaida kakarta. Kwana da kwanaki suka yi a mota. Ni na je tashar Funtua na tarbe su. Ban taɓa ganin ta ba sai a hoto. Doguwa ce, ta rame, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, tana riƙe da gefen mayafin uwar, goshinta sak na Yaya. Hausarsu irin ta can ce, ba ta bambanta mace da namiji. Tun muna cikin mota ta ciro wata takarda daga jaka ta miƙo mini.

Ta ce, "An ce ke lauya ne. Kotu ya ba ni wannan."

Takardar kotun can ce, ta naɗa ta mai kula da abin da Yaya ya bari, ta kuma tabbatar mata da riƙon yarinyar. Na karanta, na ninke, na mayar mata. Na ce mu isa gida tukuna.

Inna ta ɗora yarinyar a cinya ta daɗe tana shafa kanta. A nan ne na fara ganin hawayenta. Yarinyar ta ƙame, tana kallon uwarta.

Washegari Baffa ya karɓi takardar ya kai wa alƙali. Ya dawo ya ce alƙalin ya duba, ya ce a littattafan da ke gabansa babu inda aka gaya masa abin da zai yi da hukuncin wata ƙasa. Abin da ke nan zai raba shi bisa shari'a in an kawo ƙara, abin da ke Kumasi kuwa hannunsa bai kai ba. Ya ba da shawara mu sasanta a gida. Aka aika wa Kawu, ƙanen Inna, wanda ke limanci a wata unguwa a Kankara, ya zo ya zauna mana.

Kafin ya zo, matar Yaya ta ce tana so ta ga inda mijinta yake kwance. Baffa ya ƙi, ya ce hanyar da ta ci mutum ɗaya ba a ba ta na biyu. Ta ce ba ta yi wannan tafiyar ba don ta koma ba ta gani ba. Na ce zan raka ta. Ban ji tsoro ba, ban kuma ji jarunta ba, na dai ga ba wanda zai je in ba ni ba. Muka bar yarinyar wurin Inna, muka zaga ta Funtua da Dandume ran kasuwa, ranar da motoci ke tafiya a jere, 'yan sintiri suna gaba a kan babura.

Hanyar duk ramuka ce, itatuwa sun rufe ta hagu da dama. Da muka yi nisa direba ya kashe rediyo, hira ta mutu. Wani dattijo da ke kujerar gaba, wanda ya ji abin da ya kawo mu, ya juyo ya nuna da haɓarsa, ya ce nan ne. Na duba ta taga. Wata 'yar kwalbati ce, da kalgo a gefe, da ledar ruwa da iska ta maƙala a ƙaya. Direba bai rage gudu ba.

A Sabuwa aka haɗa mu da wani tsoho da ya halarci jana'izar. Ya kai mu maƙabarta, muka tsaya a bakin shinge tunda mata ba sa shiga. Sabbin kaburbura suna da yawa. Ya shiga ya ɗan yi dube-dube, ya tsaya kusa da ɗaya, ya ɗaga hannu don mu gani. Matar Yaya ta durƙusa ta kama shingen tana kuka, tana kiran sa da sunan da ban san tana kiran sa da shi ba. Na yi masa addu'a. Da na shafa, abin da ke raina shi ne ko za mu sami motar komawa kafin la'asar.

A bakin kasuwa Bafulatanin ya same mu, an gaya masa mun zo. Ya tsufa ƙwarai. Shi ma ya baro daji, yana rakuɓe da iyalinsa a gefen gari. Ya tsuguna ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce akwai maganar da yake so ya sauke. An kore shanun gaba ɗaya, nasa da na Yaya, tun kafin Yaya ya baro Kumasi. Saniya ɗaya ce ta tsira, gurguwa, da ɗan maraƙinta.

Ya ce, "Ya kira ni ya ce shina zuwa. Na ji nauyin in gaya mishi ta waya. Na ce in ya zo na gaya mishi ido da ido. Da na faɗa, da bai taso ba."

Matar Yaya ta dube ni, don ba ta kama duk maganarsa ba. Na maimaita mata a hankali. Ta rufe bakinta da mayafi. Ni kuwa na ce wa tsohon kwana ne ya ƙare, kada ya ɗora wa kansa. Maganar ta fito daidai, kamar wadda na haddace. Ya tambaya ina zai kai saniyar. Matar Yaya ta ce ya riƙe, yara su sha nono.

Da Kawu ya iso, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna bayan azahar. Ya yi addu'a, ya fara da gado. Ya ce a shari'a mata tana da tumuni, ɗiya tana da rabi, uwa tana da sudusi, abin da ya saura nawa ne. Matar Yaya ta ce a dokar can, ɗakin da kayan cikinsa nata ne ita da 'yarta, haka aka gaya mata a kotu, kuma in aka sayar da ginin ba ta san inda za su ba. Baffa ya ce Musulmi ba shi da doka biyu. Kawu ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ke da aka ce aikinki ke nan, mi dokar taku ta ce?"

Na yi musu bayani kamar yadda nake yi a aji. Ginin Kumasi zai bi dokar can, gona za ta bi ta nan, kayan rumfa kuwa ya danganta da inda Yaya ya yi niyyar ƙare zamansa.

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Ai wannan ba abin tambaya ba ne. A ɗakin ga ya zauna ya ce mani, Inna, in daji ya lafa zan dawo in kama gonata, na gaji da ƙasar mutane."

Matar Yaya ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Inna, ni kuma ya ce mini a Kumasi za a rufe shi. Ya ce ba abin da ya rage masa a gida sai ke. Har ya nuna mini inda zai ƙara ɗaki in yarinya ya girma."

Ba wadda ta ƙaryata wata. Na san Yaya, na san zai iya faɗin duka biyun, kuma kowanne har zuciyarsa. Suka zuba mini ido. Na lalubi abin da ya taɓa gaya mini a kan haka, ban samu ba. Ban taɓa tambayar sa ba. Maganarmu ta ƙarshe a kan maganin hawan jinin Inna ce, yana tambaya ko kafin abinci ake sha ko bayan.

Na ce, "Ban sani ba."

Kawu ya bar maganar nan, ya koma kan yarinyar, don dama ita ce a ran Baffa. Baffa ya ce ɗiyar ɗansu ce, jininsu ce, in ta koma za ta tashi ba ta san kowa nata ba, wata rana ma a aurar da ita ba su ji ba. Kawu ya ce uwa ta fi kowa cancantar riƙo, amma malamai sun yi magana a kan uwar da za ta yi nisa da ɗa daga dangin ubansa, don haka maganar Baffa ba ta faɗi ƙasa ba. Matar Yaya ta sa hannu a jaka inda takardar take, ba ta ciro ba. Ta riga ta gane ba ta da wani ƙarfi a kan wannan tabarmar. Yarinyar tana can bakin rijiya tana wasa da 'ya'yan masu gida.

Inna ce ta yanke. Ta ce wa Baffa, "In an bar ta nan, wane gida za ta zamna? Naka da ka baro, ko nawa? Ni kaina ɗakin haya nike, kai kana raɓe gidan surukinka. Makarantar da za ta shiga, ko an buɗe ba ni iya barci. Ɗaya ya zo saboda ni, ga shi can Sabuwa. Ɗiyar ga ta bi uwarta su tahi."

Baffa ya ce, "To, ke ce babba." Ya ɗauki hularsa ya juya ta a hannu, bai tashi ba.

Inna ta ce ta yafe rabonta na abin da ke Kumasi, ni ma na ce na yafe. Matar Yaya ta ce ita ma ta bar nata na gona. Kawu ya ce to gonar ta yarinya ce da kakarta da ni, Baffa ya ci gaba da kula da ita. Babu wanda ya ce komai a kan cewa damina biyu ke nan ba a taka ta ba. Aka shafa fatiha. Ba a je kotu ba, ta nan ko ta can.

Sun ƙara kwanaki kaɗan. Inna ta daka wa yarinyar yaji da kuka, ta ƙulla mata daddawa, ta ba uwar ɗaya daga cikin atamfofin da Yaya ya kawo mata waɗanda ba ta ɗinka ba. Na mayar da su tashar Funtua. Da motar za ta tashi, matar Yaya ta riƙe hannuna ta ce in riƙa zuwa. Na ce in sha Allahu. Har yau ban je ba.

A zaman kwamiti na gaba aka dawo kan mazauni. Farfesan nan yana so a bar ƙa'idar yadda take, ya ce ta daɗe kuma alƙalai sun saba da ita. Wasu suka ce a sauya, a daina tonon zuciyar mamaci, a duba inda mutum ya saba zama kawai, inda iyalinsa da sana'arsa suke. Shugaba ya tambayi ra'ayina. Na ce niyya ba ta da shaida mai ƙarfi, mutum yakan gaya wa uwarsa abu ɗaya ya gaya wa matarsa wani, kuma bai yi ƙarya ba. Na goyi bayan a sauya. Ban ambaci Yaya ba. Na san da wannan ƙa'idar mazauninsa Kumasi ne, kuma na san abin da Inna za ta ji da an gaya mata haka. Aka ɗaga hannu, masu son sauyi suka rinjaya, na rubuta sabon sashen da hannuna, aka wuce zuwa na kwangila.

Mun gama daftarin, mun miƙa shi a wani ɗan biki, aka ɗauki hoto. Daga baya aka canza manyan ma'aikatar da ta kafa kwamitin. Nakan tambaya, a ce mini yana kan tebur. Shugabanmu ya rasu bara, na je gaisuwa.

Kuka ya zo mini daga baya, ba a inda na zata ba. Ina kasuwa a Katsina ina sayen wake, mai awo ya cika tiya ya share bakinta da gefen hannunsa, sai kukan ya ƙwace mini. Na zauna a kan wani buhu. Bai daɗe ba. Mutumin ya ba ni ruwa, ya tambaya ko in kira wani, na ce a'a, na karɓi wakena na tafi gida.

Inna tana nan a Faskari, a ɗakin nan dai. Matar Yaya ta riƙe rumfar, ta ce tana lallaɓawa. Ran Juma'a takan kira ta wayar hoto don yarinyar ta gaida kakarta, in ina nan ni ke karɓa in miƙa. Inna ba ta saba ba, sai ta kara wayar a kunne, yarinyar ta yi ta cewa ba ta ganin komai sai ɗankwali. In na gyara mata, ta ɗan duba, ta sake mayarwa kunne. Ta ce ta fi jin muryar a haka. Sukan yi maganar makaranta da abin da aka dafa, Inna ta sa mata albarka, ta miƙo mini wayar ta ce in kashe kada kuɗin mutane ya ƙare.